Tsutsar da Ta Ƙi Hawa Reshe

Shekara hamsin da ɗaya na yi ina kiwon tsutsar siliki a benen gidanmu, kamar yadda mahaifina Kir Lambros, wato Malam Lambros, ya yi, da mahaifinsa kafin shi. A tsawon wannan zamani an zo mini da tambayoyi iri-iri, daga masu neman iri har zuwa malaman gona da gwamnati ke aikowa, amma ba a taɓa hawo mini bene saboda abincin hawainiya ba sai ranar goma ga watan Yuli, bayan an gama kakar siliki, na wanke katakan da nake shimfiɗa wa tsutsa na jingine su suna shan iska.

Zisis ne ya hawo, da kwali a hammata, yana haki. Shi ne kumbarona, wato wanda ya ɗora mana kambin aure a coci ni da Sultana shekara arba'in da shida da suka wuce, kuma shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a garin nan. Da matarsa ta rasu, ɗansa da ke aiki a Jamus ya kawo masa hawainiya a cikin keji domin ta ɗebe masa kewa. Ya sa mata suna Kaliopi, sunan marigayiya surukarsa, wai ita ma tsohuwar tana iya kallon wuri biyu a lokaci guda.

"Kumbare," ya ce, "yau kwana goma sha biyu ba ta ci ba."

"Wa?"

"Wa kuma nake da shi? Kaliopi mana!"

Na ba shi kujera, ya zauna ya yi mini bayani. Gyaren da yake saya mata ta daina kallonsu. Ya kai ta birni wurin likitan dabbobi, likita ya duba ya ce ba cuta ba ce, abincin ne ya gundure ta, a gwada mata abu mai tashi sama. Ya kuma hana shi kamo ƙwarin waje, saboda feshin maganin sauro da jirgi ke yi a bakin kogi duk rani. Kafin a samu, sai dai a riƙa ɗura mata kunun magani da sirinji, abin da ke sa ta kumbura ta yi baƙi ƙirin don fushi. Ɗansa ne ya sa aka aiko masa da abin da ke cikin kwalin.

Ya buɗe. Kofin roba ne mai faɗi, a cikinsa tsutsotsi ashirin suna maƙale da raga, suna cin wani abu mai kama da tuwon da ya kwana. Launinsu shuɗi ne irin na fentin tagogin bakin teku, da fararen zane a gefe, kowace da ɗan jan ƙaho a wutsiya. Ban ɓoye masa ra'ayina ba. Tsutsa mai mutunci fara ce, kuma ba ta ɗaukar makami.

"Ka ba ta tsutsar ta ci mana," na ce.

"Na ba ta. Ta dube ta da idon hagu, na dama yana kan rufi. Mai fukafuki take so. Waɗannan idan sun girma suna zama malam-buɗe-littafi na dare, ƙato, mai tashi kamar tsuntsu. Ni kuwa ko tukunyar fure ban taɓa rayawa ba. Duk lardin nan wa ya san tsutsa kamar Kir Stergios?"

Wannan gaskiya ce, kuma ban ga dalilin musanta ta ba. Na karɓi kofin na ce masa ya kwantar da hankalinsa, Kaliopi za ta ci abincinta daga hannuna. Na faɗi haka a tsaye, a gaban hoton mahaifina.

Akwai takarda a ƙasan kwalin, rubutun Jamusanci gaba da baya. Sultana ta shigo da gahawa ta ganta. Ita ta yi shekara shida a masana'antar wayoyin lantarki a Jamus kafin mu yi aure, harshen bai kuɓuce mata ba. Ta ɗauka ta soma dubawa.

"Stergios, a nan an ce idan sun..."

"Sultana," na ce, "mahaifina bai yi kiwon tsutsa da takarda ba. Kakana ko karatu bai iya ba, kuma silikinsa ne aka kai har fadar sarki. Ajiye."

Ta dube ni, ta ninke takardar ta sa a aljihun riga, ta fita. Zisis ya zaro taba zai kunna, na tare shi da cewa hayaƙi bai taɓa shiga ɗakin nan ba tun da aka gina shi.

"Haba kumbare! Ɗana ya ce a ƙasarsu ganyen taba suke ci."

"A ƙasarsu ke nan. Nan gidan Kir Lambros ne."

Na shimfiɗa musu katako guda, na yanko ganyen tut mai taushi daga bishiyar bayan gida, wanda tsutsar siliki ke rububinsa. Kwana ɗaya da yini suka yi suna tattaka shi ba su ɗanɗana ba. Na tuna cewa a shekarar da aka kawo mana iri daga Japan mahaifina ya yi wa baƙin tsutsotsi rangwame a wasu abubuwa, saboda haka na mayar musu da tuwonsu, ban ɗauki hakan a matsayin faɗuwa ba. Suka ci kamar an aiko su. Kowace safiya sai in tarar sun ƙara tsawo, ina share ƙarƙashinsu sau biyu a rana, ina buɗe tagar arewa da hantsi in rufe ta da la'asar. Cikin kwana goma kowace ta kai yatsana na tsakiya, ta fi shi kauri. Ba zan yi ƙarya ba, na soma ganin kyansu.

Rana ta goma sha ɗaya suka bar ci. Wani baƙin layi ya fito a gadon bayansu yana bugawa kamar jijiya, suka shiga yawo a kan katako ba tsayawa. Ba sai an gaya mini ba. Tsutsar da ta bar ci ta kama yawo wurin hawa take nema, ta saƙa gidanta. Haka na gani sau hamsin da ɗaya. Na ɗauki lauje na hau tudu, na saro rassa masu ƙananan ganye, irin waɗanda muke sarowa kowace shekara, na kafa musu su a kewayen katakon har ya zama kamar ɗan kurmi. Aiki ne da ake yabona a kansa, kuma ranar na yi shi da kyau fiye da kullum.

Ƙa'ida ita ce, da zarar an kafa rassa sai a rufe tagogi a ja ƙofa, ba mai shiga sai maigida, shi ma sai rana ta uku. Ina shirin rufewa Sultana ta hawo da gwangwanin man zaitun a hannu, irin waɗanda take shuka ɗoɗɗoya a ciki.

"Ina za ki da wannan?"

"Rana na ƙona su a tsakar gida. Zan ajiye su nan ƙarƙashin katako su sha inuwa."

"Ba a taɓa yi ba."

"Mahaifiyarka ba ta rataya ɗoɗɗoya a ƙofar ɗakin nan saboda bakin mutane? Da idona na gani."

Ta yi gaskiya, mahaifiyata ta yi hakan. Tunda akwai wanda ya riga ya yi, na ba ta izini. Ta yi sawu shida, ta jera gwangwani shida a ƙasa, gefen ƙafafun katakon, ta sassauta ƙasar kowanne da cokali. Na rufe ƙofa.

Rana ta uku na shiga da fitila a hannu, ina tsammanin ganin gidaje ashirin a jikin rassa, ko da ba farare ba. Ban ga ko ɗaya ba. Ko silin zare babu. Katakon wayam.

Na duba rassan ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauko tsani na duba azara, na duba saman tagogi, na leƙa bayan hoton mahaifina, domin tsutsar da ta raina reshe takan wuce sama ta saƙa a rufi, an sha yin haka. Da na sauko ne na taka wani abu a lungu. Huɗu ne a wurin, sun yamushe sun yi baƙi a tsagar daɓe, kawunansu a cuse cikin tsagar. Sauran goma sha shida kuwa ko alamarsu. Na sake hawa tsani na sake duba azara. Sau uku na yi haka a ranar.

Da yamma na tafi shagon gahawa kamar yadda na saba, domin rashin zuwana zai jawo tambaya. Zisis na zaune yana jirana.

"Yaya mutanena?"

"Sun shiga," na ce. Ban yi ƙarya ba, tunda duk inda suke sun shiga wani wuri.

"Madalla! In zo in gani?"

"Ba a shiga ɗaki kafin kwana takwas. Ka sani."

"Na sani, na sani. Ko limamin coci bai kai ka dokoki ba."

Haka muka yi ta yi kowace yamma. Shi yana kawo mini labarin Kaliopi, ni ina ba shi ƙa'ida. Ranar Talata ya ce idanunta sun soma faɗawa. Ranar Alhamis ya ce ta daina hawa reshen sama, a na ƙasa take yini. Ranar Asabar bai taɓa gahawarsa ba, ya ce da safe ya tarar da ita a ƙasan keji, ƙafarta ta saki reshe ta faɗo. Ya ɗaga ta ya mayar, ya ce nauyinta bai fi na ambulan ba. Da kwana takwas suka cika na ce masa wannan iri baƙo ne, mahaifina yakan ƙara wa baƙon iri kwanaki. Na yi tunanin sa a aiko da wasu a ɓoye, amma ban san wurin da ake aikowa ba, kuma ko an aiko sai an sake makonni biyar, waɗanda ban ga alamar Kaliopi na da su ba.

Rana ta tara da rufe ƙofa na hau bene ba don komai ba sai don in zauna inda ba mai kallona. Idona ya faɗa kan gwangwanayen. Ɗoɗɗoyar duk ta langaɓe, ganyen ya yi rawaya, ƙasar ta bushe. Raina yana ɓace dama, sai na samu inda zan sauke shi. Na ƙwala wa Sultana kira, ta hawo tana goge hannu.

"Dubi wannan," na ce. "Mahaifiyata ta yi shekara sittin a gidan nan, ɗoɗɗoyarta ba ta taɓa sunkuyar da kai ba. Saura mako biyu da kwanaki idin Maryamu. Me za ki kai coci, kara?"

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Ruwa ya ƙare a rijiya ne?"

Ta durƙusa gaban gwangwani na farko, ta zaro cokali daga aljihu, ta soma yaye ƙasa a hankali kamar mai neman allura. Da ta yi zurfin taƙi ɗaya ta ajiye cokalin ta sa yatsu, ta ciro wani abu ta ɗora mini a tafin hannu. Ja ne mai duhu, yana sheƙi kamar dabino, tsawonsa ya kai ɗan yatsa, a kansa akwai wani lanƙwasasshen abu kamar mariƙin buta. Ina kallonsa ya karkaɗa wutsiya. Saura kaɗan in yar da shi.

"Goma sha uku ne," ta ce. "Na ƙirga su ranar da ka tafi kasuwa. Uku ban san inda suka yi ba, wataƙila ta ƙarƙashin ƙofa suka bi kaji suka same su. Waɗannan ba sa saƙa, tsoho. Ƙasa suke shiga. Ƙasa mai laushi, zurfin taƙi guda, kada a jiƙa ta, a bar su mako uku. Shi ya sa na bar furannina suna mutuwa, kai kuma kana ta hawa tsani kana gaisawa da gizo-gizo."

"A ina kika..."

Ta dafa aljihunta, takardar ta yi ƙara.

Sannan na ce, cikin natsuwa, da ya kamata ta sanar da ni.

"Na soma, ka ce in ajiye."

"To bayan nan fa? Kwana tara kina kallona ba na iya cin abinci."

"Jira nake ka tambaya. Na yi shekara arba'in da shida ina jira, kwana tara ba su dame ni ba."

Ban ga amfanin tsawaita maganar ba. Na mayar da abin cikin raminsa na rufe da kaina, na sa hula na nufi gidan Zisis, domin mutumin da ya ɗora maka kambin aure ba a barinsa ya ji labari a bakin wani.

Na same shi a gaban keji da sirinji a hannu. Rabona da ganin Kaliopi tun kafin kakar siliki. Ta zama toka-toka, haƙarƙarinta a waje, wutsiyarta da ke nannaɗewa kamar igiyar rijiya ta saki tana reto. Na tsaya na gaya masa komai bi da bi, tun daga rassan har zuwa cokalin Sultana, ban rage ba.

"Wato da kake ce mini sun shiga, ba ka san inda suka shiga ba?"

"Ban sani ba."

"Kir Stergios ɗan Kir Lambros! Wanda malaman gona ke cire wa hula! Tsutsa ta ɓace maka a ɗakinka, ƙarƙashin ƙafarka, kana neman ta a rufi?" Ya yi dariya har ya dafa bango. Sai dariyar ta tsaya. Ya dubi kejin ya ce, "Saura kwana nawa?"

"Goma sha biyu, ko ƙasa da haka."

"Kumbare, in ta tafi, gidan nan ba ni da wanda zan ce wa ina kwana."

Na ce masa ba za ta tafi ba. Wannan karon a zaune na faɗa, kuma a hankali.

Da lokaci ya matso na yi tunanin cewa idan suka fito a cikin gwangwani za su watse a ɗaki, a rasa su kamar yadda aka rasa ukun farko. Na tono su duka, na shimfiɗa garin katako a babban kwanon tasa na wankin hannu, na jera su, na kife rariya a kai. Dabara ce mai tsabta, kuma tawa ce. Rana ta goma sha tara da rufe ƙofa, da yamma, na ji motsi. Na farko ya fasa kwansonsa ya fito, jiƙe, da jiki mai kauri da ɗigon rawaya a gefe, fukafukansa a cukuikuye kamar takardar da aka wanke a aljihu. Ya yi ta zagaya kwanon yana neman kama gefe, santsi na mayar da shi. Na bar shi ya huta. Da safe fukafukan sun bushe a yadda suke, a murɗe.

Duk da haka na kai wa Zisis. Muka sa shi a keji, ya yi ta rarrafe a ƙasa yana jan fukafukai. Kaliopi ta juyo ido ɗaya ta dube shi, ta mayar da idon inda yake.

"Wannan ai gyare ne da riga," in ji Zisis. "Kai da ka yi shekara hamsin da tsutsa, ba ka san yadda fukafuki ke buɗewa ba?"

Gaskiyar magana ban sani ba. A sana'armu fitowar mai fukafuki asara ce, domin yana huda gidan ya tsinke zaren. Tun suna ciki muke turara su su mutu. 'Yan kaɗan da muke bari domin iri kuwa ba sa tashi, a kan takarda suke karkarwa su yi ƙwai su mutu, ba wanda ya damu ko fukafukansu sun miƙe. Shekara hamsin da ɗaya na yi ina hana abin nan faruwa, yanzu ana so in iya shi.

Na koma gida na tarar da Sultana tana yanka tumatir. Na cire hula na zauna a gabanta.

"Sultana, ina roƙonki ki karanta mini sauran takardar."

Ta ajiye wuƙa. "Ka ce me? Kunnen nan nawa na hagu ya soma nauyi."

Na maimaita. Ta goge hannu, ta ɗauko tabarau, ta karanta mini ita tun daga farko har ƙarshe, har da adireshin mai sayarwa, ba ta tsallake kalma ba. Abin da ya shafe mu yana bayan takardar. Idan ya fito dole ya samu abin da zai kama ya hau, ya rataya, fukafukan su zubo ƙasa su cika su bushe. In bai samu ba cikin ɗan lokaci, shi ke nan.

"Wato reshe," na ce.

"Reshe."

"Ashe ban yi kuskure ba. Gaggawa na yi da mako uku."

"Tashi ka ba ni wuri, tsoho," ta ce, ta koma kan tumatirinta.

Na juye sauran goma sha biyun a akwatin katako, na kafa musu rassa a ciki, na lulluɓe da gidan sauro. Ranar sha uku ga Agusta, rana na faɗuwa, biyu suka fito kusan tare. Muka tsaya ni da Sultana muna kallo. Kowanne ya kama reshe ya hau da sauri kamar wanda ya san hanya, ya rataya. Fukafukan suka soma saukowa suna miƙewa a hankali, har suka zama faɗin tafin hannuna, masu launin toka da zane kamar ɓawon itace. Na ga siliki iri-iri a rayuwata, kuma ina faɗa da sanin abin da nake faɗa cewa saƙar da ke jikin fukafukan nan ba ta da makusa.

Washegari da la'asar na sa su a kwandon da ke da murfi, muka tafi gidan Zisis mu biyu. Ya share gida ya sa farar riga kamar mai jiran baƙi daga birni. Na buɗe ƙofar keji na ɗora ɗaya a kan reshe, tazarar kamu biyu daga Kaliopi. Ya lafe ya zama kamar ɓawon reshen. Bai motsa ba. Kaliopi ma ba ta motsa ba, idanunta a rufe rabi.

"Ya mutu ne?" in ji Zisis.

"Barci yake. Na dare ne."

"Ita kuma da dare barci take! Wane irin aure ne wannan kuka haɗa?" Ya sunkuya ya hura masa iska, ya tafa hannu, ya kira shi da sunaye da ba zan rubuta ba. Ko gezau.

Na ce ya matsa. Na ɗauko shi na rufe shi a tsakanin tafukana biyu, na kai bakina ina hura masa ɗumi a hankali. Can na ji ya soma karkarwa, fukafukan na kaɗawa da sauri har suna yi mini cakulkuli, da wata ƙara kamar ta keken ɗinki daga nesa. Na zura hannuwana cikin keji na buɗe.

Ya tashi. Ya bugi raga, ya dawo, ya tsaya cak a iska yana ruri. Idon Kaliopi na hagu ya buɗe ya bi shi. Na dama ya juyo daga bango, su biyun suka haɗu a wuri ɗaya, abin da Zisis ya ce rabonsa da gani tun watan Yuni. Ta saki ƙafa ɗaya ta kama gaba, tana rawa kamar tsohuwa a kan tsani. Bakinta ya buɗe. Harshen ya fita, ya faɗi ƙasa da shi da kamar yatsa biyu, ta janye shi da ƙyar.

"Sake, uwata," Zisis ya ce da raɗa. "Sake, surukata, don girman Allah."

Malam-buɗe-littafin ya sauka a jikin raga yana ta kaɗa fukafukai. Ta ƙara taku ɗaya, ta daɗe tana auna shi. Ban ga fitar harshen ba, ƙarar kawai na ji, sai ga fukafukai biyu sun fito ta gefen bakinta kamar gashin baki. Ta shiga tauna a hankali, garin fukafukan na zuba mata a fuska. Ta daɗe tana yi, mu uku muna tsaye, har ta haɗiye ta lumshe ido. Kafin mu bar wurin wani ɗan kore ya soma fitowa a gefen wuyanta.

Zisis ya juya mana baya yana goge ido da hannun farar rigarsa, ya ce ƙurar abin ce ta shiga masa. Sultana ta ce lallai ƙurar na da yawa, ta tafi ɗora gahawa. Na miƙa masa kwandon da na biyun a ciki, na ce na jibi ne, kada ya ba ta gobe ko ta roƙe shi.

"Saura nawa a akwatin?" ya tambaya.

"Goma. Shida nata ne."

"Shida? Ina huɗun za su? Soya su za ka yi?"

"Iri ne. Maza biyu, mata biyu, ni zan zaɓa. In ta cinye goman nan cikin mako uku, me za ka ba ta a watan Satumba, wasiƙa?"

Ya leƙa kwandon. "Ka iya bambance macen da namijin?"

"Zisis," na ce, "tun kana koyon hawa keke nake zaɓen iri."

"Haka ka cika baki ranar da na kawo su."

Daga ɗakin girki Sultana ta ɗago murya ta ce a kan ganyen tumatir suke yin ƙwai, kuma kada wanda ya kuskura ya kalli nata, na bayan gidan Zisis sun isa. Zisis ya ce a tuge su duka in ana so. Ya ja kujera gaban keji ya zauna, ya manta da mu, yana gaya wa Kaliopi cewa ta ba shi kunya a gaban baƙi da ta kuskure na farko.